Na-Sani Ya Sayo wa Kare Famfo

Ƙawata, ajiye tsintsiyar nan ki zauna, sharar ba guduwa za ta yi ba. Wani abu ya faru a gidan hayar nan mai bene da ke bayan layinmu, in ban faɗa wa wani ba cikina kumbura zai yi. Allah Ya yafe mana, ni dai ban ɗauke shi gulma ba.

Akwai wani magidanci a gidan, ana ce masa Na-Sani. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ba a taɓa fara yi masa magana an kai ƙarshe ba. Ko mafarkinka na jiya ka soma ba shi labari, sai ya tare ka da "Na sani." Sana'arsa sayar da labule a wani kanti, amma a ransa shi injiniya ne da duniya ba ta gano ba tukuna. Shi ne ya taɓa gyara fankar ɗakinsu ta koma juyawa da baya, tana zuƙe iska maimakon ta bayar, ya ce wa matarsa ai haka fankokin zamani suke.

Abokin aikinsa ne da zai bar gari ya bar masa kare. Ƙato ne, ja-ja, kunnuwa a zube kamar tsumman goge tebur, kuma ba wanda ya taɓa jin haushinsa. Na-Sani bai taɓa riƙe ko kyanwa ba, amma ya sa masa suna Guguwa, ya gaya wa maƙwabta irin karnukan da ake tsaron bankuna da su ne. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne dalilin da karen ya shiga ransa. In ya dawo daga kanti da yamma, sai ya zauna a matakalar bene ya yi ta yi wa Guguwa bayanin yadda jirgin sama ke tashi da abin da ke lalata batir. Guguwa ya ɗora haɓa a kan takalminsa ya saurara har ƙarshe. A duk faɗin gidan, shi kaɗai ne bai taɓa cewa "bari in duba tukunya" ya sulale ba.

Aibin Guguwa ɗaya ne: duk inda ya ga ruwa, nasa ne. Ya sha na bahon wanki, ya lashe bakin butar Tela da ke ɗinki a shagon ƙofar gida, ya zura kai a kwanon da Mai Aski ke jiƙa buroshi. Ana ta haƙuri, har ranar da Hajiya mai gidan, wadda ke zaune a ƙasa, ta tari ruwan alwala a bokitinta, ta shiga ɗauko sallaya, ta fito ta tarar da kan Guguwa a ciki har kunnuwa.

Ba ta yi ihu ba. Hajiya ba ta ihu, shi ya sa ake tsoronta.

"Ɗan nan," ta ce da Na-Sani, "ni ba na ƙin halittar Allah. Amma gidan nan masu salla ne a ciki. Bakin karen nan ya sake shiga mazubin wani, to ka nema masa wani gidan. In kuma ba za ka iya rabuwa da shi ba, ku nema tare."

"Na sani, Hajiya."

"Ban gama ba."

"Na san abin da za ki ce. Ai matsalar ta kimiyya ce. Kare irin wannan ba ya son ruwan da ke kwance, ruwa mai motsi yake nema. Famfonsa na kansa zan sa masa, irin wanda ko a gidajen manya ba kowa ke da shi ba."

Tela ya leƙo daga shago da allura a baki. "Injiniya, ruwan butata a kwance yake, ya kuwa shanye shi tas."

"Wannan yunwar ruwa ce, daban take da ƙishirwa. Ba fanninka ba ne."

Da ya hau sama, matarsa, Maman 'yan biyu, tana ninke kaya. Ta ce, "Baban 'yan biyu, da ka samo masa ko tsohuwar tasa ce..."

"Tasa!" Ya dafe ƙirji. "Kare mai daraja kamar Guguwa, a tasa? Ki bar wa maza harkar injina."

Ta ce to, ta ci gaba da ninkinta.

Washegari ya nufi shagon kayan dabbobi. Mai shagon wani mutum ne mai zaƙin baki, ya dube shi sau ɗaya ya gane kasuwa ta zo.

"Yallaɓai, da ganin tafiyarka ka daɗe kana kiwon karnuka."

"Tun ina yaro," in ji Na-Sani.

Mai shago ya jera masa famfuna a kan kanta. Ga wani ɗan ƙarami na roba, ruwa na gangarowa a hankali ba ƙara. Na-Sani ya ture shi da yatsa, ya ce wannan na kyanwar tsofaffi ne. Ga wani na ƙarfe mai faɗi, mai sauƙin wankewa. Ya ce ya yi kama da tasa. Can sama a kan shiryayye ya hango wani mai hawa-hawa kamar kek ɗin biki, da shuɗiyar fitila zagaye da shi.

"Wancan fa?"

"Kai, Yallaɓai, ido gare ka! Wannan gani yake yi. Da kare ya matso, ruwa ya yi tsalle da kansa, fitila ta kama, har ɗan kiɗa yake saki. Karen naka dai ba shi da tsoro ko?"

"Guguwa? Tsoro ne ke tsoronsa."

Ya ɗauko kwalin a ka har gida don kowa ya gani. Takardar bayanin da ke ciki kuwa, ya ba Mai Aski ya goge reza. Ya girka famfon a tsakar gida, ya jawo waya daga soket ɗin da matarsa ke guga, ya cika shi da ruwa, ya kira Guguwa.

Guguwa ya taho yana kaɗa wutsiya. Yana kai hanci, abin ya yi ƙyas, fitila ta haska masa ido, ruwa ya yi tsalle ya mare shi a goshi, kiɗa ya tashi. Ƙawata, ashe karen nan ya iya gudu. Kafin a ƙifta ido ya shige shagon Tela, ya cusa kansa ƙarƙashin keken ɗinki, ya tafi da rigar amaryar da ake wa kalmasa a wuyansa.

Tela ya ƙwala, "Injiniya! Zo ka fitar da mai tsaron bankinka, yana rawar ɗari a kan ƙafata!"

"Murna yake yi. Haka jinsinsu ke murna."

Da aka jawo karen, ya ƙi ko kallon wajen. Na-Sani ya yi tunani, ya gano cewa dabba da gani take koyo. Ya duba hagu, ya duba dama, ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa da hannu da gwiwa, ya rarrafa zuwa famfon yana cewa, "Kalle ni, Guguwa. Ka ga? A hankali. Sai ka fito da harshe haka." Fitila ta kama, kiɗa ya tashi, Na-Sani ya zura harshe yana lasa.

Bai san Mai Aski ya fito zubar da gashi ba, da wanda ake wa askin a bayansa, rabin kai a aske, zane ɗaure a wuya.

Mai Aski ya ce, "Masha Allah. Ɗaya dai ya koya."

Na-Sani ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Gwajin lafiyar ruwan nake yi."

"Ka kaɗa wutsiya mana, mu san ya yi daɗi."

Famfon ya zauna a tsakar gida yana kiɗa shi kaɗai. Tattabarun maƙwabta suka mayar da shi wurin wanka. Duk wanda ya wuce zuwa banɗaki, sai fitila ta kama ta sanar da jama'a. Guguwa kuwa ya koma bin jikin bango in zai wuce, kamar mai ɓoye wa surukinsa.

Amma wani abin mamaki ya faru. Tun daga ranar da Hajiya ta yi magana, bakin Guguwa bai sake taɓa mazubin kowa ba. Butar Tela ta wuni a waje lafiya. Na-Sani ya lura, ƙirjinsa ya ƙara faɗi.

"Kin gani, Hajiya? Sha yake yi a famfonsa in ba kowa. Kunya gare shi."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. "Ni ban taɓa ganinsa a wurin ba, sai kai aka ce an gani. Kare ba ya zama ba ruwa. In ba a can yake sha ba, a kayan wani yake sha a ɓoye, ni kuma ba zan yi ta salla da shakka ba. Ranar hutun nan, bayan la'asar, ya sha a gabana in gani. In bai sha ba, magana ta ƙare."

Da yammar nan Na-Sani ya zauna a matakala bai yi bayanin komai ba. Guguwa ya ɗora haɓa a takalminsa yana jira. Ya shafa kunnen nan mai kama da tsumma ya ce, "Ba inda za ka. Laifin kamfanin ne, sun cika fitila."

Ya koma shagon. Mai shago ya tarbe shi kamar ɗan'uwa, ya ce ai dama manyan karnuka ba sa son abin wasa, ga wanda ake yi don jarumai. Wannan ba wuta, ba kiɗa. Wani faifan ƙarfe ne a ƙasa mai feda, a haɗa shi da tiyo, kare ya taka ruwa ya fito, ya ɗaga ƙafa ruwa ya tsaya.

"A famfon tsakar gida za ka haɗa, Yallaɓai, ka buɗe shi kaɗan..."

"Na sani."

A gida ya baje ƙarafunan a kan tabarma ya ɗaure su da sukurdireba da filaya. Da ya gama, sai ga wani ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan da ake matsawa ta dawo, a gefe, bai san inda zai shiga ba. Ya juya shi, ya matsa shi, ya yanke hukunci cewa kyauta ce kamfani ya ƙara. Ya jefa wa Tela. "Riƙe, ko zai yi maka amfani a keke."

Sai kuma ya dubi famfon tsakar gida yana zubo ruwa siriri, ya ga wannan ba zai burge Hajiya ba. Ya bi bango har inda injin da ke tura ruwa zuwa tankin saman bene yake, ya kwance bututun, ya cusa tiyonsa a bakin injin kai tsaye, ya naɗe da salatif da igiyar labule.

Saura abu guda: dole Guguwa ya zo da ƙishirwa. Don haka ranar hutun, da rana tsaka, ya ɗaura masa igiya ya ce za su motsa jini. Suka bi titi, Na-Sani na gudu yana ja, Guguwa na tafiya kamar mai rakiyar gawa. Da suka kai wajen gidan mai, Na-Sani ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki, igiyar ta zame. Guguwa ya juya ya kama hanyar gida abinsa. Sai da aka daɗe Na-Sani ya iso, leɓe a bushe, takalmi ɗaya a hannu, ya tarar da karen kwance a inuwa yana lumshe ido. Ya shanye ruwa kofi uku a tsaye, ya ce da matarsa, "Na gajiyar da shi. Yanzu ko tafki zai shanye."

Ta ce, "Allah Ya sa."

Bayan la'asar tsakar gida ta cika. Na-Sani ya gayyato har mutanen gidan da ke kallon nasu. Ya jera kujeru, ya ba Hajiya ta gaba, ita kuma ta sa aka ajiye bokitinta cike da ruwa a gefen ƙafarta, ta ce shi ne shaida. Matan bene suka jingina da baranda, shanyarsu na kaɗawa a kan igiya. Mai Aski ya fito da kujerarsa da wani dattijo da ya shafa wa kumfa a gemu, don kada su rasa komai. Na-Sani ya sha farar riga mai guga, ya ɗaura jan ƙyallen labule a gaban famfon, ya kunna injin, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, tun da aka fara kiwon kare a duniya..."

"Injiniya, magariba fa ba ta jira," in ji Tela.

Ya yanke ƙyallen. Ya kira Guguwa. Guguwa ya zo, ya shinshina fedar, ya zauna a gefenta ya yi hamma.

"Taka, Guguwa. Taka mana."

Guguwa ya miƙa masa hannu a gaisa.

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na-Sani ya zaro wata tsokar nama daga aljihu ya ɗora a kan fedar. Guguwa ya miƙa wuya daga nesa, ya ɗauke naman da gefen leɓe, a hankali kamar mai cire ƙaya, fedar ko motsi ba ta yi ba.

Mai Aski ya ce, "Wannan karen ya yi karatu."

"Jira yake a nuna masa," in ji Na-Sani, gumi na bin wuyansa. Ya saci kallon Hajiya, ya ga ta fara naɗe carbi. Ya tattare riga, ya sunkuya daidai kan bakin famfon don karen ya gani da kyau, ya ɗaga ƙafa. "Haka ake yi!"

Ya taka.

Ƙawata, ruwan da aka yi injin don ya kai shi saman bene, shi ne ya fito ta ɗan ramin nan. Ya ɗauke hular Na-Sani ya kai ta baranda. Ya shige masa hanci, ya cika rigar ta kumbura kamar laima. Ya ɗage ƙafa da sauri, amma fedar ta zauna a ƙasa abinta, ta ƙi tasowa.

Ruwa ya miƙe sama ya sauko a kan shanyar matan bene. Aka fara salati. Wata ta ƙwala, "Zanin gadona!" Na-Sani ya danne ramin da tafin hannu, ruwan ya fantsama gefe ya wanke kumfar gemun dattijon Mai Aski tas, ya bar shi yana tari. Ya danne da ƙafa biyu, ya zame. Da ya rasa dabara, sai ya juya ya zauna a kai daram, ya rungume gwiwa.

Kowa ya zuba masa ido. Ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashinsa ta ko'ina.

"Kun gani," ya ce yana haki, "an shawo kan..."

Sai tiyon ya kumbura, ya ƙwace daga jikin faifan, ya tashi tsaye kamar maciji ya shiga bin jama'a. Ya zane Mai Aski a baya. Ya leƙa shagon Tela ya yi wa yadudduka wanka. Ya kifar da tsohon famfon mai fitila, wanda ya saki kiɗansa na ƙarshe ya mutu. Maƙwabtan da aka gayyato suka yi ƙofa suna ture juna, kujeru a ka. Na-Sani ya bi tiyon da rarrafe yana ihu, "Kada kowa ya taɓa! Ni na san kansa!" Tiyon ya juyo ya same shi a kunne.

Tela, jiƙe sharkaf, ya ɗaga ɗan sifirin sama. "Injiniya! Kyautar kamfanin nan, ba ita ce mai ɗago fedar ba?"

"Na sani!"

Maman 'yan biyu ce ta sauko daga bene, ta ɗage zani kaɗan, ta ratsa ruwan, ta kashe injin. Tiyon ya yi laushi ya kwanta.

Kowa ya juya wajen Hajiya. Ba ta tashi daga kujerarta ba. Ruwa na ɗiga daga gefen mayafinta, ta cire tabarau tana gogewa. Na-Sani ya tsaya a gabanta, riga manne a jiki. Ya dubi matakalar da yake zama da karen da yamma.

Hajiya ta mayar da tabarau, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin kujerarta. Nan Guguwa yake kwance, a wuri ɗaya tak da ya rage busasshe a gidan. Bokitinta na daidai hancinsa, cike har yana ambaliya. Baho da buta da kwano duk sun cika a kewaye da shi. Ko kallonsu bai yi ba.

Ta dubi karen, ta dubi bokitin. Sannan ta ce, "Ruwa ya zo har bakinsa, a bokitina, bai taɓa ba. Na gani da idona. Karen nan ya zauna."

Na-Sani ya buɗe baki.

"Ban gama ba. Ƙarfen nan ya bar mini gida yau. Bututun da ka kwance, mai gyaran famfo ne zai mayar, ba kai ba. Kafin ya zo, duk mai son ruwa a bene, kai za ka hau masa da shi a ka. In kuma na sake ganin sukurdireba a hannunka, kai za ka nemi gida, karen ya zauna da mu."

Aka kwashe da dariya har da dattijon gemu. Na-Sani ya matse gefen rigarsa, ya dubi Guguwa, ya dubi jama'a, sai ga ƙirjin ya fara dawowa.

"To, kun dai ji daga bakin Hajiya. Wannan shi ake kira horo. Dama duk abin da na shirya ke nan, in gwada shi a gaban ruwa mai yawa."

Tela ya ce, "Ɗauki bokiti, Injiniya, matan bene na jira."

Yanzu ki matso in gaya miki abin da shi bai sani ba. A bayan ƙofar kicin ɗin Maman 'yan biyu akwai wata tsohuwar tasa mai lotsattsen gefe. Tun ranar da Hajiya ta yi maganar farko take cika ta safe da yamma, ta ware mata soso nata daban. Da na tambaye ta, cewa ta yi ba za ta iya barin bawan Allah da ƙishirwa ba har maigida ya gama bincike. Ko ranar gudun nan, can Guguwa ya wuce kai tsaye ya sha ya ƙoshi.

Shi kuwa har yau yana nan a matakala da yamma, karen na kan takalminsa, yana yi masa bayanin yadda ya hore shi. Jiya ma na ji yana ba Mai Aski shawarar irin famfon da ya dace da tattabaru.

Don Allah, ƙawata, maganar tasar nan ta tsaya tsakaninmu. Kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki. In ta koma kunnensa cewa zai yi ya sani, daga nan kuma ya ce zai sa wa tasar inji.